Gangar da Lamont Ya Cika a Gareji

Lamont Beasley mutum ne mai girman kai a kan abin da zai shiga bakinsa. A birnin Toledo na Amurka yake zaune da matarsa Charlene da 'ya'yansu biyu, suna haya a saman benen wani tsoho da ake kira Mista Kowalczyk. Tun ranar da ya fara ɗaukar albashi ya yi rantsuwa ya gama cin ɗumame. Ya ce ya ci rabonsa da na wasu a gidan uwarsa, yanzu kuwa abincin da ya kwana na kare ne.

Da aka shiga hunturu, masana'antar gilashin da yake aiki ta rage musu awanni, kuɗin ɗumama gida kuma ya hau. Charlene ta ce daga yau ba abin da za a ƙara zubarwa a gidan nan. Ran Lahadi takan dafa babbar tukunya ta jan wake da shinkafa, ta gasa kaza da burodin masara, ƙashin kazar ma ta yi romo da shi. Kullum da safe sai ta cika masa roba ya tafi da ita wurin aiki.

Abin ya ƙona wa Lamont rai. Gani yake an mayar da shi yaro, an tozarta shi a gaban abokan aiki. Amma ya san bakin Charlene, bai iya ja da ita ba. Sai ya samo dabara. Akwai wata tsohuwar ganga a lungun gareji, bayan tayoyi. Kafin ya shiga mota sai ya juye abincin a ciki, don ko warinsa ba ya so ya taɓa kujerun motar nan da yake ji da ita. Da rana ya sayi soyayyar kaza mai zafi a hanya, da yamma ya miƙa wa matarsa roba fayau ya ce abinci ya yi daɗi.

Charlene ta ji daɗi ƙwarai. Ganin yana cinyewa tas, sai ta riƙa ƙara masa. Naman da ya kamata ta ci, shi take sa wa, ita ta tafi asibitin da take shara da burodi da shayi a cikinta.

Sanyi ya rufa masa asiri, domin duk abin da ya zuba daskarewa yake yi. Da ƙanƙara ta fara narkewa sai wari ya tashi, ɓeraye suka samu gida. Wata safiya motar ta ƙi tashi. Bakaniken da ya kira ya buɗe gaba ya nuna masa wayoyin da ɓeraye suka gutsure, ya ce gyaran zai kusa kuɗin motar. Lamont ya nufi cikin gida yana zage-zage, ya buga wa Mista Kowalczyk ƙofa, ya ce ƙazamin gidansa ya kashe masa mota, kuma sai ya biya.

Tsohon ya fito. Ya ɗauko fitila ya bi wari, Charlene na biye da su da rigar aiki a jikinta. Ya ture tayoyin, ya ɗaga murfin gangar. Ɓeraye suka watse ta tsakanin ƙafafunsu.

"To, Mista Beasley," in ji tsohon, "ni dai ba na dafa jan wake. Ƙarshen wata ina son makullaina."

Charlene ta leƙa. Ta ga shinkafarta, ta ga cinyoyin kaza sun yi kore, wasu ko haƙori ba a sa musu ba. Ta juyo kan Lamont.

"Ashe ɓeraye nake yi wa girki? Ni ina goge ƙasan asibiti da yunwa, kai kana kiwo a gareji?"

Lamont ya ce ai ta san shi ba ya cin abin da ya kwana.

"Ka faɗa mini mana! Da bakinka ka ce ya yi daɗi, Lamont. Da ka bar wa yara, da ka bar mini. Babban mutum, sarkin 'yan gayu, yau ga shi ba mota ba gida."

Ta kwashe yaran ta koma wurin mahaifiyarta. Lamont ya kama ɗaki guda kusa da tashar bas. Ya kira ta sau da yawa yana ba da haƙuri, ta ce gidan mahaifiyarta ɗumame ake ci, ba ta son ta ɓata masa ciki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abincin da aka zubar ba shinkafa da nama kaɗai ba ne, gumin wani ne da yunwar da wani ya jure. Wanda ke raina abin da aka ajiye masa, ya kuma rufe raininsa da ƙarya, ya sani ranar da asiri zai tonu ba abinci kaɗai zai rasa ba. In ba za ka ci ba, ka faɗi gaskiya, ka bar wa mai ci.