Ranar da Rigar Hadari Ta Koɗe

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jira.

A can da, mutanen garin Tsamiya Uku launi biyu kaɗai suka iya sa wa kaya, ja da rawaya. Ja na dukawa ne, daga karan dafi. Rawaya ta mata ce, daga saiwa. Sauran tufa duk fari, yadda ya sauko daga masaƙa.

A ƙarshen garin akwai wata yarinya, Ladingo, tana zaune da kakarta, Iya Tabawa. Tsohuwar tana da tukunya a bayan ɗaki, tana jiƙa ganyen baba da toka, maganin ciwon gwiwarta. Ruwan kore ne, ga wari. Ladingo ce ke tsoma hannu kullum da safe ta shafa mata, har hannun ya rine da wani launi wanda ba a san sunansa ba. Yara suna ce mata mai hannun ƙadangare. In ta je gidan mutane aka kawo tuwo, sai a ɗebar mata nata daban.

Wata shekara damina ta yi jinkiri. Iya Tabawa ta yi binne: ta zuba irin geronta na ƙarshe a busasshiyar ƙasa ta rufe, don ruwa ya zo ya tarar da shi. Ruwa bai zo ba. Zabi suka fara tono. Tururuwa ta fara jido. Tsohuwa ta ce in wannan irin ya tafi, ba na bana, ba na baɗi.

Ana nan, ana nan, rannan sai ga Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar fada, da wata ƙatuwar riga a baki, fara fat. Ta ajiye, ta gyara tsayuwa a ƙafa ɗaya, ta dubi sarki, ta yi magana ta hanci.

"Ranka ya daɗe, Hadari ne ya aiko ni. Rigarsa ta koɗe."

Ta ce shekara da shekaru rana na dukan rigar, har ta zama haka. Yanzu in ya taso ba mai kwashe shanya, ba mai kiran yara su shigo gida, ko akuya ba ta ɗaga kai. Ya ce shi ba zai zubar da ruwa a inda ba a gane shi ba. A rina masa riga cikin kwana uku, in ba haka ba ya yi gaba.

Sarki ya sa aka kira Tankari, babban baduku. Tankari ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya ce wannan ai aikin kafin karin kumallo ne. Ya dafa karan dafi, ya tsoma riga, ta fito ja wur. Shamuwa ta ɗauka ta tashi. Da yamma ta dawo da ita fara.

"Ya ce shi ba gobara ba ne."

Ashe can yamma ya matse ta. Shi ne jan da kuke gani in rana za ta faɗi.

Kashegari aka kira Hakama, uwar masu rawaya, wadda rabonta da yi wa Tankari magana shekara bakwai, saboda gardamar wane launi ya fi. Ta daka saiwa, ta tsoma riga, ta fito rawaya shar. Shamuwa ta ɗauka ta tashi. Da yamma ta dawo da ita fara.

"Ya ce shi ba gwaiduwar ƙwai ba ne."

Ashe a kan ɗorawa ya kakkaɓe ta. Shi ya sa in kun fasa ɗorawa kuke ganin garinta haka.

Rana ta uku, launi ya ƙare a gari. Ladingo ta dawo daga korar zabi, ta tsaya a kan tukunya, ta dubi ruwan, ta dubi hannunta.

"Iya, ara mini tukunyarki."

"Ke 'yar nan, maganin gwiwar tawa za ki kai wa sama?"

"In aka yi ruwa ai gwiwar dole ta warke, tsohuwa, don noma zan fitar da ke."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce ta ɗauka, amma ta tuna ruwan nan ba ya shiri da mai sauri.

Ladingo ta kai tukunya ƙofar fada. Mutane suka toshe hanci. Sarki ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga wani mai dabara ba, ya ce a ba ta rigar. Ta tsoma riga, ta danna, ta juya, ta tsamo. Riga ta fito kore, koren gansakuka, koren bayan kwaɗo.

Aka fashe da dariya. Tankari ya ce ko fatar jaki ba zai yi wa haka ba. Shamuwa ta ce in Hadari ya ga wannan, ko baɗi ba zai leƙo ba. Sarki ya ce wa dogari ya karɓe rigar ya wanke tun rana ba ta faɗi ba, ya fasa tukunyar.

To, Ladingo ta san abin da ba su sani ba. Kullum in ta cire hannu daga tukunya kore yake fitowa. Sai ta zaga ta gaida maƙwabta ta dawo, sannan ta ga ya juya. Iska yake so, da ɗan lokaci. Amma wa zai tsaya jin bayani daga bakin mai hannun ƙadangare?

Sai ta rataye rigar a reshen tsamiya, ta sha gaban dogari, ta durƙusa. A garin nan, kamar namu, mutum ba ya tsallake gaisuwa. Ta aro muryar kakarta, mai jan kowace kalma.

"Baba dogari, ina wuni?"

"Lafiya. Matsa."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya Inna? Yaya ƙafar tata?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Yaya akuyar nan taku mai tari?"

Dogari ya dubi sarki, sarki ya kau da kai. Dogari ya amsa akuya. Ya amsa 'yar akuya. Ya amsa kaji. Da ta gama da shi ta juya ga Tankari, ta gaishe shi da aiki, da warin jima, da ciwon baya. Ta juya ga sarki, ta tambaye shi jama'a, ta tambaye shi fama da jama'a. Shi ma dole ya amsa.

Duk wannan iska na shiga riga tana fita. Shamuwa ce ta fara gani. Ta sauke ɗayar ƙafarta, ta ce, "Ku ɗaga kai."

Kore yana barin riga, daga kafaɗa yana sauka. A bayansa wani launi na fitowa, irin na hannun yarinyar. 

Ladingo ta ce da saura. Ta sake tsomawa, ta tsamo, ta rataye. Wannan karon ba ta ce komai ba, mutane da kansu suka shiga gaisawa don kada jiran ya yi musu tsawo. Har Tankari ya gyara murya ya ce wa Hakama ina wuni. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce lafiya. Aka tsoma na uku. Riga ta fito, ta sha iska, ta yi duhu kamar cikin rijiya.

Shamuwa ta ɗauka ta tashi, riga na ɗiga. Abin da ya ɗiga a hanya shi ya rina sama, har yau bai fita ba.

Ba a jima ba gabas ta haɗe. Mata suka ruga kwashe shanya. Aka shiga kiran yara. Awaki suka yi gida da gudu. Hadari ya ga an gane shi, ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya saki ruwa.

Geron Iya Tabawa bai fito duka ba, zabi sun ci rabonsu. Amma abin da ya fito ya ishe su ci, ya ishe su iri. Launin kuwa aka sa masa suna shuɗi, aka haƙa masa ramuka a bakin gari, nan ne marina.

Ran bikin sabon gero, Hakama ta turo akushi gaban Ladingo ta ce su ci tare. Yarinya ta ɗaga hannu.

"Inna, hannun ƙadangaren fa?"

Hakama ta janye mayafi ta nuna nata, don ita ma ta shiga rinin shuɗi. Ya fi na Ladingo duhu.

Shi ya sa har gobe, in kun bi ta marina, za ku ga mai rini ya tsamo zane ya riƙe shi a iska, yana gaida duk wanda ya wuce. Ba son hira ba ne, aiki yake yi. Abin da kuka ga ya fito da muni, ku ba shi lokacin gaisuwa ɗaya kafin ku yanke masa hukunci. Haka mutum ma.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Na tsoma ta na tsamo. Wanda bai ga launinta ba, ya bar ta ta sha iska zuwa safe.