Direban Da Ya Manna Wa Motarsa Zare

Akwai wani direban haya da abokan aikinsa ke kira Kunkuru. Motarsa irin mai haɗa fetur da batir ce, kuma bawan Allah nan ba shi da magana sai ta iska da mai.

Ya kwance kariyar ɗora kaya ta saman motar, ya rufe ƙasanta da faranti mai santsi. Wata rana ma ya manna guntayen zare a jikinta, ƙaninsa na biye da shi a babur yana ɗaukar bidiyo. Inda zaren ya kwanta, iska na wucewa salin alin. Inda ya yi ta rawa, nan iska ke riƙe motar tana shan mai, sai ya gyara wurin.

Wani direba, Dogo, ya fi kowa tsokana. "Kunkuru, motarka gemu ta fara? Kai ta wurin mai aski mana!"

Kunkuru murmushi kawai yake yi.

Kwatsam aka shiga wahalar mai, gidajen mai duk a rufe. Ana cikin haka maciji ya sari 'yar Dogo. Asibitin garin babu maganin, sai babban asibiti can nesa. Man Dogo ko rabin hanya ba zai kai ba, haka na sauran direbobin.

Kunkuru ya buɗe ƙofar motarsa. "Ɗauko ta. A rufe gilasai, kada iska ta riƙe mu."

Dogo ya leƙa ma'aunin mai. "Ai naka bai fi nawa ba!"

"Shigo dai, ɗan'uwa."

A hanya ƙafar yarinyar na ta kumbura. Dogo ya ce, "Don girman Allah taka!"

"In na taka yadda kake so, a daji za mu tsaya."

Kowace gangara sai ya ɗaga ƙafa, injin ya yi tsit, motar na sulalawa a batir. Jama'a, ikon Allah! Fitilar mai ta kunnu tun da nisa, amma motar nan tafiya take kamar turo ta ake yi. Dogo ya saki baki, salati kawai yake.

Har bakin ƙofar asibiti ta kai su. Da likita ta fito ta ce yarinyar za ta tashi, ƙaton nan ya durƙusa ya rushe da kuka, ya kasa haɗa ido da Kunkuru.

Shi kuwa ya dafa kafaɗarsa. "Tashi ka shiga, 'yarka kai take kira."

Darasi: Kada ka raina mai haƙurin gyara ƙananan abubuwa, wata rana ran ɗanka zai rataya a kan aikinsa. Tura wa direbobin da ka sani su ma su karanta.