Hular da Tasalla Ta Ɗinka

Ku matso kusa, yau na zo muku da wata magana wadda sai kun yanke mata hukunci.

A Tungar Kanya an yi wata yarinya, Tasalla. Tana aji biyu wata mata ta zo daga birni, ta ce wa mahaifiyarta Kande za ta sa ta a babbar makaranta. Ashe wani gida ta kai ta, inda aka tsare yara ana sa su ɗinkin hula daga safe har ido ya daina ganin allura. Ba fita, ba saƙo. Shekara huɗu Kande tana zuba mata tuwo a kwanonta, ya huce, ta kwashe.

Kafin a tafi da ita, Malama Hurera ce ke koyar da su a gindin kanya. Da ta ga Tasalla na tsoron alli, sai ta riƙa kama hannunta suna zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke, har ta iya. Da wannan ɗan karatun, duk hular da ta gama a gidan matar nan sai ta ɗinka rubutu a cikinta da farin zare: “Ni Tasalla ce ’yar Kande ta Tungar Kanya. Ina son gida.”

Huluna da yawa suka wuce ba wanda ya lura. Sai Ɗan’azumi, mai saro hula a gidan matar, wanda ba ya sayar da hula sai ya juya cikinta ya duba ɗinki. Ya karanta, ya kasa cin abinci. Ya rufe rumfarsa ranar kasuwa, ya yi kwana uku yana tambayar hanya, har ya iske Kande ya karanta mata.

Kande ba ta iya karatu ba. Ta shafa zaren ta ce, “Malam, sake karanta min wajen sunana.” Washegari ta bi shi birni. Sau biyu aka kore ta daga ƙofar gidan, aka ce ba a san yarinyar ba. Ta kai hular wurin hukuma, ta zauna a baranda ta ƙi tashi har aka haɗa ta da jami’ai. Yara tara aka fito da su. Tasalla ta tsaya tana kallonta, ta ce a hankali, “Inna, kin rame.”

Yanzu Tasalla ta girma, ta gina aji biyu a garinsu don kada a sake yaudarar wata uwa da sunan makaranta. Mai fenti na tsaye da allon da za a rubuta sunan makarantar, suna ɗaya kawai zai ɗauka. Ita kuwa ta rasa na wa za ta zaɓa.

To, sunan wa za a rubuta: Hurera da ta koya mata, Ɗan’azumi da ya karanta, ko Kande da ta ƙi tashi?