Manhajar Najmuddeen da Bidiyon Ya Fanna

Akwai wani matashi a garin Azare, Najmuddeen sunansa. In kana son ganin girman kai ido da ido, je ka gaishe shi. In ma ya amsa ke nan.

Shekara huɗu ya yi a Abuja yana aikin haɗa manhajojin waya. Ilimi kam, ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da shi. Amma tunda ya dawo, kowa a garin nan ya zama ɗan ƙauye a idonsa. Ga wani gilashi da yake maƙalawa a hanci, alhali idonsa lafiya lau.

Abin da ya dawo da shi gida shi ne wata gasa. Wata ƙungiyar tallafi ce ta nemi a haɗa wa mata masu sana'ar gida na ƙasar Katagum manhajar gyara bidiyo, wadda za su riƙa tallan kayansu da ita a waya. Duk wanda aka zaɓi tasa, za a ɗauke shi aikin shekara biyu, ya shugabanci shirin tun daga Azare har Chinade da Gamawa.

Tun kafin a fara, Najmuddeen ya ajiye aikinsa na Abuja. Ya gaya wa kowa a majalisa cewa kujerar tasa ce.

Mutum biyu ne suka kai zagayen ƙarshe: shi da wata Salama, 'yar Bogoro, ma'aikaciya a sakatariyar ƙaramar hukuma, wadda ta koyi aikin da wata tsohuwar kwamfuta mai baturi a mace. Da aka ambata masa sunanta, dariya ya yi.

"Mai buga takardun ofis? Kai, an raina sana'ar nan."

Sharaɗin gasar a fili yake tun ranar farko. Shugabar ƙungiyar mata masu sana'ar gida ce za ta gwada manhajojin biyu da hannunta. Ita ce Ya Fanna, dattijuwa Babarbariya mai haɗa turaren wuta da humra. Ba ta yi boko ba, amma da saƙon murya kaɗai tana sayar da turare har Potiskum.

Saboda kirki irin nata, ita da kanta ta hau Keke ta je ofishin da Najmuddeen ya kama. Ta yi sallama. Bai ɗago daga kwamfuta ba.

"Ɗana, na zo ne in gaya maka yadda muke ɗaukar bidiyonmu. Ka san mu a tsakar gida muke sana'a. Akwai abubuwan da..."

"Hajiya," ya katse ta, "ni na taɓa zuwa na koya miki haɗa turare?"

"A'a."

"To, ki bar min nawa. Manhajata ita ke tunani a madadinku. Maɓalli ɗaya za ki danna, ta zaɓo wurin da ya fi kyau a bidiyon, ta sa kiɗa, ta gama komai. Don irinku na yi ta."

Don irinku! Kun ji fa. Matar da ta yi jika da kamarsa.

Ya Fanna ta gyara lafayarta, ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Tana fita ya kunna fanka, wai ƙamshin turarenta ya cika masa ofis.

Ita kuwa Salama, kullum ta tashi daga aiki sai ta bi gidajen matan nan. Ta zauna a tabarma, ta miƙa musu wayarta, ta yi shiru tana kallon inda yatsunsu ke laluba.

A can ta ga abin da ba a koyarwa a aji. Wayoyinsu ƙanana ne, hotunan biki sun cika su. Data kuwa sai an lallaɓa ta. Da yawansu ba sa karanta Turanci.

Wata rana a gidan Ya Fanna ta tambaya, "Mama, in abu ɗaya kawai manhajar za ta iya yi, me kike so ya zama?"

"Cirewa, 'yata. Kina ɗaukar bidiyo, sai wata ta gifta ta bayanki kai ba ɗankwali. Sai ki goge duka ki sake daga farko. Ni ban damu da ado ba. Ki ba ni abin da zan yanke in jefar."

Salama ta koma ta rushe rabin aikinta. Ta bar maɓalli uku manya-manya. Na farko hoton almakashi ne. In ka taɓa shi, murya ce za ta ce maka da Hausa, "Ja yatsa kan wurin da ba ka so." Kuma ba abin da zai fita sai ta tambaye ka, "Ka duba? A aika?"

Najmuddeen ya hango manhajar a wayar wani, ya taɓe baki.

"Maɓalli uku? Wannan ai wasan yara ne. Tawa tana da arba'in da biyu."

Ranar gwaji, ɗakin taro ya cika. Mata a gefe guda, mazajensu da 'ya'yansu a ɗaya gefen. Alhaji Adam, shugaban kwamitin gasar, ya bayyana tsari: Ya Fanna za ta gyara bidiyo guda da ta ɗauka a gidanta, da kowace manhaja. Abin da aka gama gyarawa ne kaɗai za a haska a bango da majigi.

Aka fara da ta Salama. Ya Fanna ta riƙe wayar kusa da fuskarta, ta taɓa almakashi, ta ja yatsa, ta sake dubawa. Ko minti biyu ba a yi ba ta ce, "Na gama."

A bango aka ga kasko yana hayaƙi, kwalaben humra a jere, muryarta tana faɗin sunan kowanne. Shi ke nan. Mata suka yi ta gyaɗa kai.

Najmuddeen ya yi hamma da ƙarfi, don a ji.

Aka zo kan tasa. Ya Fanna ta ƙura wa wayar ido. Ƙananan alamomi birjik, rubutun Turanci ko'ina. Ta taɓa nan, wani abu ya buɗe. Ta taɓa can, hoton ya kife.

"Ɗana, ina wurin yankewa? Akwai abin da zan cire tukuna."

"Ba sai kin cire komai ba, Hajiya. Danna tauraron nan."

"A'a, ka nuna min dai. Akwai wurin da ba na so a gani."

Ya ja tsaki. A gaban jama'a! Ya dubi kwamiti yana murmushi, irin na kun ga abin da nake fama da shi.

"Kawo nan, kina ɓata mana lokaci."

Ya fizge wayar daga hannunta.

"Tsaya! Na ce maka akwai..."

Ina! Ya riga ya danna tauraron, ya tura bango.

To, ga yadda ya gina abin nasa. Ya koya wa manhajar cewa wurin da ya fi kyau a kowane bidiyo shi ne inda fuskar mutum ta bayyana. Sai ta nemo fuskar, ta jawo ta kusa, ta rage gudun hoton, ta ɗora kiɗa. A Abuja, wajen masu rawa a waya, abin yana burgewa.

A bidiyon Ya Fanna kuwa fuska ɗaya ce tak. Dijatu, matar ɗanta, ta gifta ta baya daga wajen wanki, da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, bokiti a hannu. Daƙiƙa biyu ne kacal, waɗanda Ya Fanna ta yanke ɗazu.

Manhajar ta watsar da turaren, ta cika bango da Dijatu. A hankali, da kiɗan rawa.

Innalillahi! Ɗakin ya ɗauki salati. Dattawa suka sunkuyar da kai. Dijatu tana zaune a layi na uku, ta tura fuskarta cikin hijabi ta fashe da kuka. Mijinta ya miƙe zai yi kan Najmuddeen, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Shi kuwa gwanin yana ta danne-danne, ya rasa inda zai tsayar da abin a cikin maɓallansa arba'in da biyu. Salama ce ta ruga ta fizge wayar wutar majigin daga soket.

Wallahi ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci.

Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya shiga borin kunya.

"Ai ba laifin manhaja ba ne. Ita ce ba ta iya ɗaukar bidiyo ba."

Ya Fanna ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma har bayan ɗakin an ji ta.

"Najmuddeen, a garin nan aka haife ka. Ka san ko ɗan'uwa ne ya zo gidana, a zaure yake tsayawa sai an yi masa iso. Kai kuwa ka ɗauko tsakar gidana ka manna a bango. Sau uku na ce maka ka tsaya. Sau uku."

Ta karɓi wayarta daga hannunsa, ta je ta kama Dijatu, suka fita. Matan ɗakin gaba ɗaya suka tashi suka bi bayansu, ba wadda ta ko kalle shi.

Alhaji Adam bai ma tsaya shawara da kwamiti ba. Ya rufe takardarsa ya ce, "Malama Salama, ranar Litinin za ki kama aiki."

Najmuddeen ya kira tsohon ofishinsa na Abuja, aka ce an riga an ba wani gurbinsa. A Azare kuwa, har yau ba gidan da ake yarda ya ɗaga waya a ciki, ko da taron suna ne. Daga zaure ake ce masa ya sa ta a aljihu.

Darasi: Duk abin da za ka ƙera domin mutane, fara zama ka saurare su, ko da ba su san ko harafi ɗaya na boko ba. Ilimin da ke raina masu amfani da shi cutar da su yake yi, sannan ya kayar da mai shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda ake ce masa "tsaya" ba ya ji.