Kura Auta da Ɗan Akuyar Lantana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Lantana da ƙanenta Tunau suna tsaron gero a bakin daji. Sun zauna cin tuwo, sai ga Kura, yawu na zuba.

Lantana ta ce, "Bismillah. Amma ke kika zo ƙarshe, ke ce auta. A gidanmu auta ba ta sa hannu sai manya sun fara, suɗi kuwa nata ne."

Ba a taɓa bar wa Kura komai ba. Ta suɗe kwano, ta riƙa zuwa kullum.

Ran nan ɗan akuyarsu ɗaya tilo ya ɓace. Kura ta tsince shi a fadama, ta buɗe baki, sai ta tuna. Ta koro shi gona, ta ce, "Yaya, ga nama, ku fara."

Tunau ya rungume shi. Lantana ta ce, "Yau ba mu marmarin nama, Auta. Zo mu ci tuwo."

Shi ya sa har yau Kura ke kewaya garke, tana jiran yayyenta su fara.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, suɗin naku ne.