Injin Maƙwabciya da Furen Wardi

Akwai wata matar aure da ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. A wajen mai sayar da dashe ne, a bakin titi. Furen wardi ɗaya ya rage a cikin baƙar leda, hannunta da nasa suka isa kansa tare.

"Na bar miki," ya ce, "amma da sharaɗi. Zan riƙa zuwa duba lafiyarsa."

Duba lafiyar fure ta zama zance, zance ya zama aure. Da ta tare, ta haƙo wardin ta dasa shi a ƙarshen shingen gidansu.

Mijin tela ne, kuma dukansu sabbin shiga ne a harkar lambu. Sai ya sayo mata ɗan injin aske shinge mai batir, irin mai araha. Injin yana aiki, amma da ya gamu da reshe mai kauri sai ya yi tari ya tsaya. Suka raɗa masa suna Tsoho.

Tana son Tsoho, har ranar da ta leƙa ta kan katanga ta ga na maƙwabciyarta, matar likita. Dogo ne, yana sheƙi, na babban kamfani. Yana bi ta kan shinge kamar reza a kan jariri.

Daga ranar ta rasa sukuni. Ƙarar injin maƙwabciya ta fi sauro damun ta. Ko shayi take sha, in ta ji ya tashi sai shayin ya fita ranta.

"Maigida, mu kuma haka za mu ƙare da wannan mai tarin fuka?"

Ya yi dariya. "Amarya, mai koyon tuƙi ba ya farawa da tirela. Tsoho daidai hannunki ne."

"Daidai aljihunka dai," ta ce, ta shige ɗaki.

Ranar da ƙawayenta za su zo mata wuni, ta jira ya tafi shago, ta tsallaka gidan maƙwabciya aro. So take su tarar da shingenta ya fi na kowa a layin.

"Ga shi, ƙanwata," in ji matar likita. "Amma riƙe shi da hannu biyu. Ni ma har yanzu tsoronsa nake ji."

"Haba Yaya, inji ai inji ne."

Da farko abin daɗi. Ganye na zuba, ita kuma tana ɗaga kai ko wani zai gan ta. Da ta kai ƙarshen shinge hannunta ya gaji, nauyin injin ya rinjaye ta, bakinsa ya yi ƙasa. Da Tsoho ne, da ya yi tari ya tsaya. Wannan kuwa bai ma san ya taɓa wani abu ba.

Wardin ya kwanta a ƙasa da furanninsa. Sai ɗan kututture ya rage.

Ta aika wa ƙawaye cewa ba ta jin daɗi. Tana nan zaune a ƙasa, ƙaya ta soke mata yatsa ba ta ji ba, har mijin ya dawo.

Ya dubi wardin, ya dubi injin aro. Can ya ciro almakashinsa daga aljihu, ya durƙusa, ya shiga yanka rassan gajeru-gajeru.

"Me kake yi?"

"Mai dashe ya taɓa ce mini reshen wardi yana kamawa in an dasa. Ban sani ba ko zai yi. Kawo gwangwanaye."

Suka dasa rassan a gwangwanayen, suka jera su a gindin katangar da take leƙe. Ta dubi katangar, ta dubi hannunsa da ya yi baƙi da ƙasa. Sannan ta ce:

"Maigida, na yi maka alkawari. Ko ɗaya ne ya tsira, ni zan raine shi. Kuma daga yau in na zo gindin katangar nan, ƙasa zan duba, ba sama ba."

"To, ni dai sharaɗina yana nan," ya ce. "Zan riƙa zuwa duba lafiyarsu."

Darasi: Kayan aro ba ya rufe katara, kuma garin neman gira ake rasa ido. Abu mai tsada yana da kyau a hannun wanda ya iya shi, amma mai koyo ya fara da daidai ƙarfinsa. Kada leƙen gidan wani ya sa ki sare abin da kika shuka da ƙauna. Ku tura wa duk wanda idonsa ya cika tsallaka katanga.