Kafso Biyu Daga Inuwa

Ran bakwai ga watan Mayu, kashegarin ruwan fari, abin ya soma.

Akwai wani makiyayi mai tumaki arba'in. A ranar nan tunkiya ɗaya ta yi ta atishawa, sai ya kai ta wurin mai maganin dabbobi. Mutumin bai ko tashi daga inuwa ba. Ya miƙo kafso biyu.

Makiyayi ya ce, "Malam, ba za ka duba ta ba? Ina jin sanyin ruwa ne kawai."

Mai magani ya ce, "Haba, Baba! Ka tako har ƙofata, ka koma hannu wofi? Me za a ce da ni a gari?"

Makiyayi ya ji kunyar ƙi, ya karɓa. Haka aka yi ta yi duk damina: tari, kafso biyu, ɗingishi, kafso biyu. Ba tunkiyar da aka duba, ba wadda ta sha magani har kwanakinsa suka cika.

Da kaka ta yi, ciwon huhu na gaske ya shiga garken. Aka yi ta ɗura musu kafso safe da yamma, amma cutar ta riga ta saba da shi. Talatin da ɗaya suka mutu. Makiyayi ya koma wurin mai magani da ƙasar ramin da ya binne su a ƙafafunsa.

Mai magani ya girgiza kai ya ce, "Sai haƙuri, Baba. Nufin Allah ne."

Makiyayi ya ce, "Allah ne ya miƙo mini kafso daga inuwa?"

Ga ma'anar misalin nan. Tumakin mu ne. Mai maganin kuwa shi ne wanda ikkilisiya ta damƙa wa ɗakin shan maganinmu. Kafso na kashe wasu ƙwayoyin cuta ne, ba ya warkar da mura. In aka sha shi ba dalili, ko aka gutsuttsura shi biyu-biyu, ƙwayoyin cutar kan saba da shi, ran da ake bukatarsa sai ya zama kamar garin alli. Ran Asabar muka binne Mama Damaris. Sau tara mai maganin nan namu ya ba ta kafso a shekara guda, ko sau ɗaya bai gwada ta ba. Da ciwon ƙirji ya zo, maganin bai yi kome ba.

Kada a ƙara ɗora wa Ubangiji wannan. Lahadi mai zuwa, bayan wa'azi, dole mai maganin ya miƙe a gaban jama'a, ba a ɗakin dattawa ba, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya roƙi 'ya'yan Damaris gafara.